Staf a Takardar Gwajin Fitsari: Inda Ake Firgita a Banza da Inda Hatsarin Yake

Akwai wata takarda da ke yawo a jakunkunan mata da aljihunan magidanta daga Batagarawa har cikin birnin Katsina. Takardar sakamakon gwajin fitsari ce, an ninke ta gida huɗu, ta sha hannu har ta yi laushi. A tsakiyarta an rubuta Staphylococcus aureus, a ƙasa kuma jerin sunayen magunguna, wasu da harafin S a gabansu, wasu da harafin R. Mai takardar ba lalle ta iya karanta dogon sunan ba, amma ta riƙe guntunsa: staf. Daga ranar da ta ji kalmar nan hankalinta ya tashi. Maƙwabciya ta ce mata shi ne ke hana haihuwa. Mai maganin gargajiya da ke zagaye da lasifika a kan mota ya ce shi ne sanyin da ya yi shekara goma a jiki, mai sa ciwon baya da jin abu na yawo a ƙarƙashin fata. Mai kyamis ya duba takardar ya ce, "Hajiya, wannan sai allura, ƙwaya ba za ta iya da shi ba." Wata shida bayan haka ta sha magani kala biyar, an yi mata allura ta fi ashirin, ta sake gwaji, staf na nan.

Na daɗe ina ganin irin wannan a cikin dangi da maƙwabta, kuma abin da ya fi damuna shi ne kuskuren ta fuska biyu yake. Mutane da yawa ana yi musu maganin staf alhali ba shi ne ke damun su ba. Kaɗan kuma da staf ɗin gaske ya shiga mafitsararsu ko jininsu ba sa samun kulawar da ta dace da girman hatsarinsu. Maganin da aka ɓarnatar a kan na farko shi ne ke ƙara wa ƙwayar cutar taurin kai, har ta gagari magani ranar da aka zo kan na biyu.

Staf ba baƙo ba ne a jikin ɗan'adam. Bakteriya ce da ke zaune a fata da cikin hanci da hamata da matsematsi. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da Staphylococcus aureus a hancinsa lafiya lau, bai sani ba, ba ta kuma yi masa komai ba. Sai ta sami kafa, kamar yanka ko ƙuna ko miki ko wurin aiki bayan tiyata, sannan ta nuna halinta. Ita ce uwar maruru da hazbiya da ƙurjin nono na mai shayarwa, ita ce kan ruɓar da cibiyar jariri idan ba a kula ba. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Sikotilan, Alexander Ogston, shi ya gano ta a cikin mugunya a shekarar 1880, ya ga ƙwayoyin sun cure kamar nonon inabi, daga nan sunan ya samo asali. A 1884 wani Bajamushe, Friedrich Rosenbach, ya ware mai launin zinariya a cikinsu ya kira ta aureus. Danginta suna da yawa, sun haura arba'in, kuma mafi yawansu ba su da wata illa ga mai lafiya.

To ina ruwanta da fitsari? A nan ne ya kamata a tsaya a yi bayani a tsanake, domin a nan ruɗanin yake.

Cutar mafitsara da aka saba gani, wadda ke zuwa da zafin fitsari da yawan matsuwa da ciwon mara, mafi yawanta ba staf ke kawo ta ba. Wata bakteriya ce ta hanji mai suna E. coli, wadda ke da alhakin kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na irin wannan ciwo a tsakanin mutanen da ba su da wata larura ta daban. Daga dubura take tasowa ta hau hanyar fitsari. Mata ta fi kamawa saboda halitta: hanyar fitsarin mace ba ta wuce kamar santimita 4 ba, ta namiji kuwa ta kai wajen 20. Shi ya sa kusan rabin mata sukan gamu da wannan ciwo aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma ba alamar ƙazanta ba ce, ba kuma alamar rashin kamun kai ba.

A dangin staf akwai guda ɗaya da ta ƙware a mafitsara, sunanta Staphylococcus saprophyticus. Ta fi kama mata matasa, musamman sababbin aure, kuma ita ce ke bin bayan E. coli a wannan rukuni. Ita kam cuta ce ta gaske, tana sa zafi sosai, amma galibi tana jin magani cikin 'yan kwanaki. Ita kuwa aureus, wadda sunanta ya cika takardun gwaji a wajenmu, a asibitocin da ke da cikakkun kayan aiki ba a cika samun ta a fitsari ba, kashi kaɗan ne ƙwarai. Idan aka gan ta a kwalbar fitsari, ɗaya daga cikin hanyoyi uku ta biyo.

Ta farko, kuma wadda nake ganin ta fi yawa a nan, ita ce daga fata ta faɗa kwalbar. An miƙa wa mace kwalba ba a yi mata bayanin komai ba. Ta shiga banɗakin asibiti mai cunkoso, ta buɗe murfin ta riƙe a hannu, ta tari farkon fitsarin da ya wanko fata, ta kawo. Ko kuma ta zo da shi daga gida tun asuba a cikin kwalbar magani da aka ɗauraye, ya yi awa huɗu a zafin Katsina kafin a taɓa shi. Ƙwaya goma da ta faɗa ciki daga yatsa takan zama dubbai a wannan lokaci, domin bakteriya a yanayi mai ɗumi tana iya ninka kanta cikin kamar rabin awa. Ɗakin gwaji ya shuka, staf ya tsiro, aka rubuta. Ba ƙarya aka yi ba, akwai staf a kwalbar. Amma babu shi a mafitsara. Duk allurar duniya ba za ta hana shi sake fitowa a gwaji na gaba ba, tunda fatar mutum ce gidansa. Wannan shi ne asirin staf ɗin da ake cewa ba ya jin magani, yana tafiya yana dawowa.

Hanya ta biyu ita ce robar fitsari. Tsoho mai kumburin ƙullin mafitsara da aka sa wa roba, mai shanyewar ɓarin jiki da ke kwance, mai jego da ta sha doguwar naƙuda, wanda aka yi wa aiki a mafitsara ko ƙoda, duk waɗannan roba ta buɗe wa ƙwayar fata hanya zuwa ciki. Staf ya iya manne wa roba, ya gina wa kansa wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai. Roba tana ceton rai, mutanen Katsina shaida ne, domin a cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi shekaru yana aiki tun daga shekarun 1980, an nuna cewa sa roba da wuri kaɗai yana iya warkar da wasu sababbin masu yoyo ba tare da fiɗa ba. Amma ƙa'idar aikin asibiti a ko'ina ita ce duk ranar da roba ta ƙara a jiki hatsarin cuta na ƙaruwa, don haka da zarar buƙatarta ta ƙare a cire, idan kuma ta dole ce a riƙa canza ta a kan lokaci da hannu mai tsabta. Na san gidaje da ake barin robar tsoho wata biyu ko uku saboda kuɗin mota da na canji, jakar fitsarin tana ajiye a kan katifa maimakon a rataye ta ƙasa da mafitsara.

Hanya ta uku ita ce mai ban tsoro, ita ce kuma aka fi jahilta. Wani lokaci aureus ba daga ƙasa take hawowa ba, daga jini take gangarowa. Ta shiga jini ta wani miki a ƙafar mai ciwon sukari, ko ta wurin allurar ƙarin ruwa, ko ta ƙurji mai zurfi, ta bi ta ƙoda ta fito a fitsari. A irin wannan hali fitsarin ɗan aike ne kawai, yaƙin yana cikin jini, wataƙila har ƙwayar ta sauka a zuciya ko ƙashin baya. Mutum mai zazzaɓi da rawar sanyi da aka samu aureus a fitsarinsa yana buƙatar a shuka jininsa a kwantar da shi, domin idan ta tabbata tana jini magani ta jijiya ake yi na aƙalla mako biyu. Ba shi kafso na kwana biyar a sallame shi gida wasa ne da rai.

Binciken da ɗalibai da malaman jami'o'in Nijeriya ke wallafawa sau da yawa yana nuna aureus a matsayi na ɗaya ko na biyu cikin ƙwayoyin da ake samu a fitsari, saɓanin abin da ake gani a wasu ƙasashe. Mai yiwuwa akwai bambanci na gaske a yanayinmu. Amma duk wanda ya san yadda ƙananan ɗakunan gwaji ke aiki ya san akwai wani dalili. Kafin a kira ƙwaya aureus sai an yi mata gwajin daskarar da ruwan jini, wanda ke raba ta da sauran danginta. Kafin a ce cuta ce ba gurɓata ba, sai an ƙirga yawanta, inda ma'aunin da aka daɗe ana bi tun shekarun 1950 shi ne kimanin ƙwaya dubu 100 a mililita ɗaya, sannan a duba ko akwai fararen ƙwayoyin jini a fitsarin, alamar jiki na faɗa da wani abu. Idan aka tsallake waɗannan matakai, duk wani ɗigo mai ruwan ɗorawa da ya tsiro a faranti sai ya zama aureus a takarda.

Yanzu a koma ga harafin R ɗin nan, wanda ke nufin ƙwayar ta bijire wa maganin, saɓanin S da ke nufin maganin yana aiki a kanta.

Tarihin maganin kashe bakteriya da staf ya fara. A 1928 Alexander Fleming, a asibitin St Mary's da ke Landan, ya lura wani funfuna ya faɗa farantin da ya shuka staf ya kashe na kusa da shi. Daga nan aka sami penisilin. Da aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1940, mutanen da da maruru ko raunin yaƙi zai kashe suka riƙa tashi. Ba a yi nisa ba staf ya fito da wani sinadari da ke farfasa penisilin, kafin ƙarshen shekarun 1950 ya zama ruwan dare a asibitocin Turai da Amurka. Fleming kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945 cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayar cuta jure masa. Masana suka ƙera metisilin don ya gagari wancan sinadari, amma a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoto daga Ingila cewa an sami staf da ya bijire masa. Shi ne ake kira MRSA har yau.

Yadda abin yake a sauƙaƙe shi ne, bakteriya tana da magini a jikinta da ke gina mata katanga. Penisilin da danginsa suna kama hannun wannan magini ne, katanga ta rushe, ƙwayar ta fashe. MRSA ta samo wani gado mai suna mecA da ke ba ta magini na daban wanda waɗannan magunguna ba sa iya kama shi. Sakamakon haka kusan duk dangin penisilin sun tashi aiki a kanta lokaci ɗaya: amfisilin, amoksisilin, Ampiclox, Augmentin, har da allurar seftirayazon da mutanenmu suka ɗauka ita ce ƙarshen magani. Wanda ke da MRSA aka jera masa wannan allura kwana bakwai, kuɗinsa ya tafi, ƙwayar ba ta ji komai ba. Abin da ya rage shi ne irin su bankomaisin, wanda ta jijiya ake ba da shi, yana da tsada, yana buƙatar a riƙa lura da ƙoda, kuma ba a kowane kantin magani ake samun sa ba. Shi ma a 2002 an sami staf da ya bijire masa a jihar Mishigan ta Amurka.

Akwai maganar da ake yawan yi, "jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini." Ba jiki ne ke sabawa ba, ƙwayar ce. Bambancin yana da muhimmanci, domin jikinka naka ne kai kaɗai, ƙwaya kuwa tana tafiya. Tana bin hannu da tawul da reza da zanin gado. Uwa da ta yi wata shida tana shan maganin staf ɗin da ba ya damun ta, duk staf mai rauni da ke fatarta ya mutu, mai taurin kai ya rage ya mamaye wurin. Ranar da ta haihu, da wannan hannun za ta gasa cibiyar jaririnta.

Idan ana neman inda muke renon wannan ƙwaya, sai a dubi kalmar sanyi. A bakin Bahaushe sanyi kwando ne da ake zuba komai a ciki: zafin fitsari, farin ruwa, ƙaiƙayin gaba, ciwon mara, ciwon baya, raunin mazakuta, jinkirin haihuwa. A likitance waɗannan abubuwa ne mabambanta. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri galibi funfuna ne, kuma maganin bakteriya ƙara shi yake yi domin yana kashe ƙwayoyin kirki masu gadin wurin. Ciwon sanyi na asali, mai fitar da mugunya, wata ƙwaya ce daban da ake ɗauka ta saduwa, ita ce ke buƙatar a yi wa miji da dukan matansa magani tare, ita da 'yar uwarta kilamidiya su ne kuma ke toshe hanyar ƙwai idan aka yi sakaci. Yaron da ke wanka a dam ko kududdufi yana fitsarin jini, tsargiya ce, tsutsa ce ke kawo ta, maganinta firazikwantal, ba kafso ba. Mai yawan fitsari da ƙishirwa a auna sukarinsa. Duk waɗannan an tattara su an sa musu suna ɗaya, yanzu kuma an samo wa sunan rigar boko, an ce staf ko infekshan. Aureus ba ta cikin cututtukan da likitanci ya lissafa a matsayin na saduwa, kuma ganin ta a takardar gwaji ba hujja ba ce ta cewa ita ta hana mace ciki. Na ga auren da ya girgiza a kan wannan takarda, miji yana zargin mata, kishiya tana zargin kishiya, ana cewa wance ce ta kawo mana. Na kuma ga ma'aurata da suka ɓata shekara uku suna yaƙi da staf, alhali da an duba mahaifa da ƙwai da maniyyi tun farko da an gano ainihin matsalar tun da sauran lokaci.

Haka nan zancen cewa a banɗaki ake kwasar sa. Tsabtar banɗaki wajibi ce don dalilai da yawa, amma tsugunno a masai ba shi ne hanyar kamuwa da cutar mafitsara ba. Tsoron banɗakin makaranta ko na kasuwa ma shi ke sa 'yan mata riƙe fitsari tun safe har la'asar, su kuma ƙi shan ruwa don kada ya matse su, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ke ba ƙwaya damar zama ta hayayyafa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Katsina, fitsari kan yi kauri ya yi ja ya yi zafi saboda ƙarancin ruwa kawai, mutum ya ruga kyamis alhali randa ce maganinsa.

Ba na son a ɗauka ina ɗora wa mai kyamis laifin duka. A ƙauyuka da yawa na ƙaramar hukumar Batagarawa shi ne mafi kusa, shi ke buɗe da dare, shi ke ba da bashi. A ƙa'ida lasisinsa bai ba shi izinin sayar da irin waɗannan magunguna ko yin allura ba, Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya ce ke da alhakin sa ido. Amma magidancin da ke da kuɗin kafso shida a aljihu ba zai sayi ashirin ba, mai kyamis kuma zai yanka masa katin ya ba shi na kuɗinsa. Ya sha kwana biyu, zafi ya lafa, ya bari. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Talauci ne ke rubuta wannan takardar magani, kuma duk wa'azin da bai kula da hakan ba a iska zai tafi. Sai a ƙara da jabun magunguna da hukumar NAFDAC ke fama da su, waɗanda sinadarin cikinsu bai kai ba, da na tallan kwali da ke wuni a rana a tasha. Sai kuma kaji da dabbobi: mai kiwon kaji kan zuba kafson ja da yalo a ruwan shansu tun suna 'yan tsaki ko ba su da ciwo, kashinsu kuma ya tafi gona a matsayin taki. Maganin mutum da na dabba dangi ɗaya ne, ƙwayar da ta koyi jure wa ɗaya ta koyi jure wa ɗayan.

Girman abin ya fito fili a wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a Janairun 2022. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, tana kuma da hannu a mutuwar miliyan 4.95. MRSA ita kaɗai ta ci fiye da mutum dubu 100. Yankin da ya fi kowane yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma, da mutum 27.3 cikin kowane dubu 100. Ƙiyasin Nijeriya a shekarar ta 2019 shi ne mutum 64,500 kai tsaye da 263,400 da abin ya shafa. Ba a rubuta wa ko ɗaya daga cikinsu wannan dalili a bakin kabari. Cewa ake yi zazzaɓi ne ya ƙi sauka, ko jego ne ya zo da gardama, ko mikin sukari ne ya ci ƙafa.

Gwamnatin tarayya ta san da matsalar. Hukumar NCDC ta jagoranci tsarin ƙasa na farko na yaƙi da ita, na 2017 zuwa 2022, aka fitar da na biyu na 2024 zuwa 2028. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa MRSA a jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magunguna a kansu tun 2017, ta kuma ware 18 zuwa 24 ga Nuwamban kowace shekara don wayar da kai. A Satumban 2024 shugabannin duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a rage mace-macen da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Duk wannan yana da kyau, amma a ganina ba zai taɓa rayuwar matar nan mai ninkakkiyar takarda ba sai ya sauko har kan kwalbar da aka miƙa mata.

Gyaran kuwa da yawansa ba ya cin kuɗi. A ɗauki fitsari kafin a fara shan magani, ba bayan an sha ba. A yi amfani da kwalbar ɗakin gwaji mai murfi, kada a taɓa cikinta. A wanke hannu, a yi tsarki da ruwa daga gaba zuwa baya, a zubar da farkon fitsarin, a tari na tsakiya. A kai shi cikin awa biyu, in ba hali a sa shi a sanyi. Sakamako na gaskiya yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, domin sai ƙwayar ta tsiro a gane ta sannan a gwada magunguna a kanta, don haka wanda ya ba ka sunan ƙwaya da jerin magunguna cikin awa ɗaya bai shuka komai ba. Ma'aikaciyar da za ta ɗauki minti ɗaya ta yi wa mace wannan bayani da Hausa, cikin sirri ba a gaban layi ba, ta hana asarar dubban nairori. Kunya na da hannu a nan, mata da yawa ba za su iya tambayar namiji yadda ake tarar fitsari ba, don haka ya kyautu a ce mace ce ke miƙa wa mata kwalba.

Bayan haka, takarda ba ita ake yi wa magani ba. Wanda ba ya jin zafin fitsari, ba zazzaɓi, ba ciwon mara, ko da an ga ƙwaya a fitsarinsa, a ƙa'idar likitanci galibi ba a ba shi komai. Manyan waɗanda aka keɓe su ne mai ciki da wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari. Mai ciki kam ko ba ta jin komai ana yi mata magani, domin ƙwayar na iya hawa ƙoda ta jawo naƙuda kafin lokaci, wannan na cikin amfanin zuwa awo. Sai dai ita ce kuma bai kamata ta zaɓar wa kanta magani ba ko kaɗan: ja da yalo yana ɓata haƙori da ƙashin ɗan tayi, ana kauce wa maganin sifiro, allurar jentamaisin da ake yi barkatai tana iya taɓa ƙoda da ji. Ciwon mafitsara marar rikici a mace sau da yawa maganin kwana uku zuwa biyar ya ishe shi idan an dace da wanda ya kamata. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi, amai, ruɗewar tsoho, raguwar fitsari, ko zafin fitsari a namiji ko ƙaramin yaro, waɗannan ba na kyamis ba ne, na asibiti ne a ranar.

Batagarawa tana da abin da ƙananan hukumomi da yawa ba su da shi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana ƙasarta, da sashen nazarin ƙananan halittu da mujallarsa ta bincike. Asibitin ƙwararru na Janar Amadi Rimi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina da asibitin mata da yara na Turai 'Yar'adua duk tafiyar 'yan mintuna ce. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa waɗannan hannuwa. Kowane babban asibiti ya tattara sakamakon shuke-shukensa na shekara ya fitar da jadawali guda da ke nuna wace ƙwaya ce ta fi yawa a fitsarin mutanen Katsina da kuma maganin da har yanzu yake aiki a kanta, a raba wa cibiyoyin lafiya na matakin farko. Likita ko jami'in lafiya da ke ƙauye ba zai iya jiran kwana uku a kan kowane majinyaci ba, amma idan yana da wannan jadawali a bango ba lalube zai yi a duhu ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha ta duba ɗakunan gwaji masu zaman kansu, ta tabbatar duk mai rubuta aureus yana da kayan tabbatar da ita. Gidajen rediyo kuma su dubi tallace-tallacen da suke karɓa, domin muryar da ke cewa staf na cinye maniyyi tana shiga gidajen da muryar likita ba ta kaiwa.

Ke kuma 'yar uwa mai takarda a jaka, da kai magidanci da ke shirin sayen allura karo na uku, ku dakata. Ku kai takardar ga likita, ku faɗa masa ainihin abin da kuke ji a jikinku ba abin da aka ce muku ba, ku lissafa masa duk maganin da aka riga aka sha, ku nemi a sake gwajin da fitsarin da aka ɗauka bisa ƙa'ida. Idan kuwa akwai tsoho mai roba a gidanku, ko mai sukari da miki a ƙafa, ya fara zazzaɓi da rawar sanyi, kada ku bari ya kwana a gida.